Moɗar da Aka Rataye Ba a Ɗauraye Ba

Akwai wani mutum a Bulawayo, Zenzo Nkala, da wata makarantar kwana ta 'yan mata ta ɗauka ya shugabanci ma'aikatan waje, wato masu shara, masu yankan ciyawa, masu gadi da mai kula da tafkin ninkaya. Shekarunsa talatin da huɗu. Yana da takardar shaida ta wani kwas na wata shida, kuma wallahi da za a bar shi, da a wuya zai rataye ta ya riƙa yawo da ita.

Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ciwonsa guda ɗaya ne: ba ya son a ce wani ya fi shi sanin abu, balle a ce wanda bai taɓa zama a aji ba.

Mai kula da tafkin kuwa wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Mpala. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki. Makaranta ta ba shi ɗaki biyu a bayan filin wasa, nan yake zaune da 'yarsa Thobekile da jaririnta. Iyayen ɗaliban yanzu, da yawansu a ruwan da ya tace suka koyi iyo, kuma ba a taɓa jin yarinyar da ta fito da jan ido ko ƙaiƙayin fata ba.

Kayan aikinsa suna cikin wani ɗan ƙaramin ɗakin inji a gefen tafki, ba taga, sai ƙofar ƙarfe. A dama akwai durom na garin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. A hagu akwai jarkokin asid, wanda 'yan boko ke kira haidurokulorik, shi ne dai wanda magina ke wanke siminti daga tayil da shi, maƙera kuma su cire tsatsa. A tafki kaɗan ake zubawa, don ruwa ya daidaita.

Kowanne da moɗarsa, kowace moɗa da ƙusar da ake rataye ta. Moɗar asid tsohuwar baƙar roba ce, an ɗaura mata jan tsumma a hannu. Moɗar kulorin kuwa yankakken galan ne na man girki.

Ranar da Zenzo ya fara leƙa ɗakin, sai ya ɗaga tsumman da ɗan yatsa yana yatsina fuska.

"Baba, wannan fa? Tsafi kake yi mana a makaranta?"

Dattijon ya yi dariya. "Tsafin ke nan, ɗana. Waɗannan biyun maƙiyan juna ne, ko a hanya ba a haɗa su. Asid da safe, kulorin da yamma, kowa da moɗarsa. Kuma asid ake zuba wa ruwa, ba a zuba wa asid ruwa. In ka gama ka ɗauraye sau uku."

"Duk na karanta wannan a littafi."

"Madalla. Amma ranar da suka haɗu, iskar da za su fitar ba ta tambayar wa ya karanta littafi."

Zenzo ya yi murmushin yaƙe, ya fita. Maganar ta tsaya masa a rai, don akwai masu yankan ciyawa biyu a bakin ƙofa, kuma ya ga sun sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Watan Oktoba ya shigo da zafinsa, furannin itatuwan jakaranda suna ta zuba a kan ruwa. Shugabar makaranta, Madam Gumede, ta sanar cewa ranar Asabar za a yi gasar ninkaya, makarantu huɗu za su zo, da iyaye, da manyan baƙi. Ta ce ba ta son ganin ko tsinke inda bai kamata ba.

Abin nema ya samu. Ranar Laraba Zenzo ya shiga ɗakin inji ya kwashe tsofaffin moɗayen ya jefa a motar shara. Ya sayo sababbi guda biyu, farare fes, iri ɗaya sak.

Baba Mpala ya juya su a hannu, ya sake juyawa.

"Ɗana, waɗannan ai tagwaye ne. Ko uwarsu ba za ta bambanta su ba. Bari in ɗaura wa ɗaya ƙyalle."

"Ba za a ɗaura tsumma a nan ba, baƙi za su zagaya. Ka bi ƙusa mana. Hagu asid, dama kulorin. Ko shi ma sai an ɗaura maka ƙyalle a hannu kafin ka san hagunka?"

Wannan karon dattijon ma'aikatan da ke wurin suka yi wa dariya, yadda Zenzo yake so. Baba Mpala ya rataye kowace moɗa a ƙusarta.

Ranar Juma'a da safe ruwan ya ɗan yi hazo, ba a ganin layukan ƙasa sosai. Zenzo ya tsaya a kansa yana cizon leɓe. Baba Mpala ya ɗebi ruwa a 'yar kwalbar gwajinsa, ya ɗiga magani, ya ɗaga sama ya duba launi.

"Ba ya bukatar asid yau. Zafi ne da furanni. In na zuba kulorin da yamma, inji ya kwana yana juyawa, gobe za ka ga fuskarka a ciki."

"In kuma bai washe ba fa?"

"Zai washe. Haƙuri dai."

Haƙurin ne babu. Zenzo ya tura dattijon ya bi mota zuwa wani coci a unguwar Luveve don ɗauko kujerun aro. Motar na fita, ya ciro mabuɗinsa, don mabuɗan ɗakin biyu ne kawai, ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun Baba Mpala.

Yana buɗe ƙofa wayarsa ta yi ƙara. Madam Gumede ce, tana tambayar rumfuna. Ya maƙale wayar a kafaɗa, ya miƙa hannu ya zaro moɗar da ta fi kusa da ƙofa, ko kallon ƙusa bai yi ba. Ta dama ce, ta kulorin.

Ya cika ta da asid sau biyu yana juyewa a tafki. A na uku Madam ta ce ya zo ofis yanzun nan. Ya watsa abin da ya watsu, ya dawo da gudu ya rataye moɗar inda ya ɗauko ta, ya kulle ƙofa. Bai ɗauraye ba. Akwai saura a gindinta, kamar rabin kofin shayi.

Ƙarfe biyar na yamma Baba Mpala ya dawo daga sauke kujeru, a gajiye. Ya shiga ɗakin da ya saba shiga shekara ashirin da shida, ya ɗauki moɗar dama daga ƙusar dama, ya buɗe durom. Garin ya yi ƙasa, sai ya sunkuya da kansa a ciki ya tsoma moɗar.

Zenzo yana bakin tafki yana jera kujeru ya ji wata irin ƙara kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai, sai tari, tari mai tsaga ƙirji. Ya ruga. Tun kafin ya kai ƙofa wani wari ya shaƙe shi, idanunsa suka kama zubar da hawaye. Ya toshe hanci da riga ya kutsa, ya kamo dattijon ta ƙafa ya jawo shi waje kan ciyawa.

Baba Mpala yana buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa, amma iska ta ƙi shiga. A hannunsa har lokacin yana riƙe da farar moɗar.

Zenzo ya kalli moɗar nan. Tun a wannan daƙiƙa ya san abin da ya faru, kuma ya san wa ya yi.

Aka kai dattijon asibiti. Aka ɗaga gasar. Ranar Litinin Madam Gumede ta tara ma'aikata a inda suke shan shayin ƙarfe goma, ta ce masu bincike sun sami asid a moɗar kulorin.

"Mabuɗi biyu ne. Nkala, ka shiga ɗakin nan ranar Juma'a?"

Jama'a, a nan ne fa. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da gaskiya. Ya tuna matarsa, ya tuna 'ya'yansa biyu, ya tuna yadda ya yi shekara uku yana yawo da takarda kafin ya sami aikin nan.

"A'a, Madam. Ina wajen rumfuna."

"To yaya aka yi?"

Zenzo ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Tsufa ne, Madam. Kwanan nan na lura yana ɗan mance abubuwa."

Tir da wannan magana! Bai ma shirya ta ba, fita kawai ta yi. Amma ta fita, kuma mutum goma sha ɗaya sun ji ta.

Abin da ya fi muni ya zo ranar Laraba. A taron safe, gaban ɗalibai ɗari shida, Madam ta kira shi gaba ta ce ga jarumin da ya shiga cikin guba ya ceci ran abokin aikinsa. Yara suka yi ta tafi. Masu girki suka riƙa ƙara masa nama a kan tuwon masararsa. Shi kuwa kowane tafi ji yake kamar mari.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ya ji biyu suna magana ƙasa-ƙasa, sai ya ɗauka da shi suke. In aka ambaci tafki, sai ya kama gyaran igiyar takalmi. Ya daina bi ta bayan filin wasa gaba ɗaya, gwamma ya zagaya ta babbar ƙofa.

Sai kuma ƙwannafi ya sa shi gaba. Ko ruwa ya sha, sai ya ji wuta tana hawowa daga ciki zuwa maƙogwaro. Matarsa MaKhabo ta dafa masa kunu, ta kawo masa nono, duk a banza.

"Baban yara, wai me ke cin ka? Ko kai ma ka shaƙi abin nan ne?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ya sa wandonka yake zamewa? Gobe ka je a duba ka, ko in kai ka da kaina kamar yaro."

Ya je ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin da ya tarar babbar mace ce mai baki, ta danna masa ciki ta saurari bayaninsa.

"Asid ne ya yi maka yawa. A ina kake aiki?"

Ya faɗa mata sunan makarantar.

"To ai irin wanda kuke zubawa a tafkinku ne, shi cikinka yake yi da kansa. Shi ke narkar da tuwo da nama, ya kashe ƙwayoyin cuta. Har duwatsu masu aman wuta suna fitar da shi. Allah Ya yi wa tumbi shafe ta ciki, don haka ba ya ƙonewa, sai in abin ya hau inda ba wurinsa ba. Ka rage barkono, ka rage tunani." Ta sake duba katinsa, ta zaro ido. "Tsaya! Nkala? Ba kai ne ka jawo tsohon nan ba? Ƙanwata tana girki a can, ta ba mu labari. Kai, Allah Ya yi maka albarka! Irinku sun yi ƙaranci."

Zenzo ya karɓi maganin ya fito. A bakin titi ya tsaya ya yi amai a kwata, masu jiran mota suna kallonsa.

Bayan kwana goma sha biyu aka sallami Baba Mpala, ya dawo ɗakinsa. Zenzo bai je gaishe shi ba. Kullum sai ya ce gobe.

A mako na uku Madam Gumede ta kira shi ofis, ta tura masa ambulan.

"Hukumar makaranta ta yanke shawara. Ba za mu kai maganar gaba ba, saboda daɗewarsa. Zai sa hannu cewa sakaci ne daga gare shi, ya ajiye aiki, ya bar ɗakunan a ƙarshen wata. Kai za ka kai masa. Kai ka cece shi, daga hannunka abin zai fi yi masa sauƙi."

Ya so ya ce a aiki wani, amma ya fasa. Ya ɗauki ambulan ɗin ya fita. Tafiyar minti huɗu ce daga ofis zuwa bayan filin wasa, amma sai da ya yi kusan rabin awa.

Ya tarar da Thobekile tana shanya kayan jariri a igiya. Ta saki abin da ke hannunta ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya Zenzo! Sannu da zuwa. Ban san da bakin da zan gode maka ba. Shiga, yana ciki, kullum sai ya tambaye ka."

Kafin ya shiga ta rage murya.

"Yaya, ka yi masa magana, ko zai ji taka. Ƙirjin da sauƙi, amma ba shi ne damuwata ba. Ya ce hankalinsa ne ya fara tafiya. Ya ba ni mabuɗan gida ya ce in ɓoye. Ya hana kansa kunna risho. Jikansa ma ya ƙi ɗauka, wai kada ya mance yana riƙe da shi ya sake shi. Kakana, mahaifinsa, haka ya yi a ƙauye, ya ruɗe har ya bi daji ba a sake ganinsa ba. Jiya na same shi yana ƙirga 'yan yatsunsa yana faɗin ranakun mako."

Zenzo ya tura ƙofa. Ya shiga.

Dattijon yana zaune a bakin gado, ya rame, idanunsa sun faɗa. Kowace magana sai ya tsaya a tsakiya ya jawo numfashi, ana jin ƙirjin yana fito.

"Ɗana... ka zo. Zauna."

Zenzo ya zauna a kan wata 'yar kujera, ambulan a cinyarsa.

"Takardar ce ko? An gaya mini. Kawo in sa hannu, gaskiyarsu ce." Ya huta. "Amma kafin nan, ina neman gafararka."

"Gafarata, Baba?"

"Na jefa ka cikin haɗari. Kana da 'ya'ya ƙanana, ka shiga saboda ni. Da kuma yaran makaranta suna kusa fa? Ka ce in bi ƙusa, ƙusa ma na kasa bi." Ya girgiza kai. "Abin da ke ba ni tsoro, ɗana, ban tuna ba. Na bi ranar nan daga safe har yamma, sau ɗari na bi ta. Na tuna na gwada ruwa, na tuna na ce ba a bukatar asid, na tuna kujeru. Ban tuna na taɓa jarka ba. Amma ga asid a moɗa. To in mutum zai yi aiki da hannunsa bai sani ba, me ya rage masa?"

Ya miƙo hannu. "Ba ni abin rubutu."

Zenzo ya ciro biro daga aljihu. Ya miƙa, dattijon ya kama ɗaya gefen, amma Zenzo ya ƙi saki. Sai ga hawaye, ba na guba ba wannan karon.

Ya zame daga kujera ya durƙusa a kan siminti.

"Baba, ba ka taɓa jarka ba."

"Me ka ce?"

"Ni ne. Da ka tafi ɗauko kujeru na buɗe ɗakin. Ina waya, na ɗauki moɗar dama na zuba asid da ita, na mayar ban ɗauraye ba. Madam ta tambaye ni na ce ban shiga ba. Ni na ce mata tsufa ne. Ni na ce kana mantuwa. Ƙarya na yi, Baba, ba ka taɓa mance komai ba."

 Thobekile tana tsaye a bakin ƙofa da jaririn a kafaɗa, bakinta a buɗe.

Baba Mpala ya juyo ya dube shi. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta.

"Sake faɗa. Da safe na gwada ruwa?"

"Ka gwada."

"Na ce ba a bukatar asid?"

"Ka ce."

"Na ɗauki moɗar dama daga ƙusar dama?"

"Daidai ka yi, Baba. Komai daidai ka yi."

Dattijon ya ɗora tafin hannu a kan furfurarsa ya shafa, ya sake shafawa. Sai ya fashe da kuka, kukan da ke haɗe da tari, har Thobekile ta ruga ta riƙe shi.

"Ashe kaina lafiya lau," yake ta faɗi. "Ashe kaina lafiya lau. Thobekile, miƙo mini yaron nan."

Ta miƙa masa. Ya rungume jikansa a ƙirjin da ke fito, ya ƙi saki.

Ita kuwa ta juyo kan Zenzo, idonta jawur. "Kai! Na durƙusa maka yanzun nan! Na yi maka addu'a a coci da sunanka! Kana can kana cin nama ana yi maka tafi, ubana yana nan yana ƙirga yatsu?"



"Bar shi," in ji dattijon. Ya dubi Zenzo. "A ina ka ce tsufa ne?"

"A wajen shan shayi."

"Mutum nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"To can za ka je. Ba ofis ba, ba a ɗaki kai da Madam ba. Inda ka ajiye waccan maganar, can za ka ajiye wannan."

"Zan je, Baba. Ka yafe mini, don Allah."

Baba Mpala ya jawo numfashi da kyar.

"Moɗa, kowa zai iya kuskure da ita. Ka kuma shiga ka jawo ni, wannan ma gaskiya ne, ba zan ƙwace maka ba. Ƙirjina na yafe maka. Amma mako ukun da ka bar ni ina zaton na haukace, kana sane, kana tafiyar minti huɗu daga nan... wannan ka ba ni lokaci."

Washegari da ƙarfe goma Zenzo ya roƙi Madam Gumede ta zo wajen shan shayi. Ya ajiye ambulan ɗin a kan tebur ba a sa hannu ba, ya faɗi komai a tsaye, tun daga moɗayen da ya jefar har zuwa ɗaga kafaɗar da ya yi. Babu wanda ya kurɓi shayinsa. Ɗaya daga cikin masu girki ta yi tsaki ta ɗauke farantin da ta ajiye masa.

Kafin azahar an karɓi mabuɗansa. Ya koma gida ya gaya wa MaKhabo. Ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, a na uku ta ce, "Da ka kawo mini albashin ƙarya, gwamma wannan. Tashi ka nemi aiki."

Makaranta ta yaga takardar. A taron safe Madam ta wanke sunan Baba Mpala a gaban yaran da suka yi wa Zenzo tafi, aka bar masa ɗakunansa, aka ce shi zai riƙa koya wa sabon mai tafki aiki daga kan kujera. Sai dai numfashin bai dawo ba. Daga ɗakinsa zuwa bakin tafki sai ya tsaya sau uku ya dafa itace, mutumin da a da yake ɗaukar jarka biyu a tafiya ɗaya.

Zenzo yana bin magina yanzu, yana wanke musu tayil. Duk ranar Lahadi bayan coci yakan hau mota ya je bayan filin wasan nan da lemo a leda. Dattijon yana amsa gaisuwarsa, yana sa a ba shi kujera, har shayi ake kawo masa. Sukan yi hirar ruwan sama da ta ƙwallo.

In zai tafi yakan tsaya a bakin ƙofa ya ɗan jira, ko yau za a ce masa an yafe sauran. Shekara biyu ke nan, abin da yake ji kullum shi ne, "Ka gaida gida, ɗana."

Darasi: Kuskure na kowa ne, amma ɗora shi a kan wanda ba shi da bakin kare kansa zalunci ne da ya fi kuskuren ciwo, kuma kowace rana da ka yi shiru wani ne yake kwana da nauyinka. Kada ka raina dabarar wanda ya daɗe a sana'a don kawai ba ta da kyan gani. Sannan ku kiyaye, jama'a: asid ɗin wanke tayil ko ban-ɗaki ba a haɗa shi da kulorin ko bilic mai farar da tufafi, ba a auna su da mazubi ɗaya, ba a aiki da su a rufaffen ɗaki. In labarin nan ya taɓa ka, tura wa magini, mai shara ko uwar gida da ka sani, wataƙila numfashin wani za ka tsare. In kuma akwai wanda yake ɗauke da laifinka yanzu haka, kada ka bari sai gobe.